Yadda Ake Komawa Ga Gawa a World of Warcraft Ba Tare da An Sake Mutuwa Ba

A World of Warcraft, wasan kwamfuta na intanet da kamfanin Blizzard ya fitar a watan Nuwamban 2004, mutuwa ba ta raba mutum da kayansa. Gawarka za ta faɗi daidai inda aka kashe ka, amma takobinka da sulkenka da kuɗinka suna nan a sunanka, babu wanda zai zo ya laluba aljihunka. Abu biyu kawai ake karɓa a hannunka, lokaci da kuɗin gyaran kaya. Yawan abin da za ka biya kuma ba dodon da ya kashe ka ne ke yanke shi ba, abin da ka yi a 'yan mintocin da suka biyo bayan faɗuwarka ne. Sabon ɗan wasa yakan mutu sau ɗaya a hannun dodo, sannan ya ƙara mutuwa sau uku a hannun gaggawarsa.

Bayanin nan ya bi ƙa'idodin Classic ne, wato tsohon fasalin wasan da aka dawo da shi a watan Agustan 2019, domin a can ne mutuwa take da ciwo. A sabon fasali an sassauta abubuwa da dama, lambobin ma sun sauya. Shi kansa tsohon fasalin sassauci ne idan aka kwatanta da wasan EverQuest na 1999, inda kayanka duka ke zama a jikin gawa, ka taso tsirara ka ratsa cikin dodanni kafin ka kai gare su, ga kuma asarar wani kaso na ƙwarewar da ka tara. Blizzard ta ɗauki tafiyar zuwa ga gawa, ta bar sauran azabar.

Da farko: ɗauke hannunka daga maus

Da zarar jininka, wato ma'aunin ranka, ya ƙare, wani ɗan akwati zai fito a saman allo da maɓalli mai rubutun Release Spirit, wato ka saki kurwarka. Kada ka danna. Kana da minti 6 kafin wasan ya sake ta da kansa, kuma a cikin wannan lokaci kana iya juya kyamara ka ga duk abin da ke kewaye da gawar. Wannan kallon kyauta ne, yi amfani da shi. Dodanni nawa ne suka taru a kanka? Ina suka koma bayan sun gama da kai? Akwai wanda ke sintiri yana kai da kawowa? Ƙidaya daƙiƙoƙin da yake ɗauka kafin ya dawo. Ta ina hanyar fita take?

Sannan ka duba ko akwai mai iya tashe ka a kusa. A cikin nau'o'in jaruman da 'yan wasa ke zaɓa, Priest da Paladin da Shaman duk suna da sihirin tayar da matacce, amma sai an gama faɗa suke iya yinsa. Druid ne kaɗai ke iya tayar da mutum ana tsakiyar faɗa, da sihirin Rebirth, shi ma sau ɗaya a kowane minti 30, kuma sai yana da ƙwayar irin da sihirin ke ci. Mai sana'ar injiniya yana iya gwada wayoyin lantarkin da ake kira Goblin Jumper Cables, waɗanda wani lokaci su yi aiki, sau da yawa su ƙi. Idan wani ya tashe ka, ba tafiya, ba jinyar tashi (za mu zo kanta), kuma a wurin da mai tayarwar yake tsaye za ka farfaɗo, ba a inda ka faɗi ba. Wannan ya sa gwanin mai warkarwa yake ja da baya zuwa wuri mai aminci kafin ya fara.

Ko ba ka cikin rukuni, ba laifi ba ne ka aika wa wani Priest da ka ga yana wucewa saƙo cikin ladabi. Da yawa suna tsayawa. Sihirin na cin mana, wato ƙarfin da ake yin sihiri da shi, mai yawa, don haka ka gode masa, in kana da ruwan sha a jaka ka miƙa masa.

Akwai kuma masu tashi da kansu. Shaman da ya kai lebul 30, wato matakin ƙarfin jarumi, yana da sihirin Reincarnation, sau ɗaya a awa, muddin akwai Ankh, abin da sihirin ke ci, a jakarsa, amma da kashi 20 cikin 100 na jini zai tashi. Warlock kuma yana iya ajiye kurwar mutum a cikin dutsen Soulstone na tsawon minti 30. In kana da ɗaya daga cikin waɗannan, akwatin zai nuna maka maɓalli na biyu. Nan ma jira. Tashi da ɗan guntun jini a ƙarƙashin ƙafar dodon da ya kashe ka asarar dutse ce kawai.

Na biyu: maƙabarta

Idan babu mai taimako, sai ka danna. Allon zai dusashe ya koma toka-toka da shuɗi, sautin duniya ya koma kamar iska a cikin rijiya, ka tsinci kanka fatalwa a maƙabartar yankin. A gabanka akwai wata halitta mai fukafukai tana lilo a sama, ita ce Spirit Healer. Za mu dawo kanta. A yanzu dai kada ka yi mata magana.

Buɗe taswira. Gawarka na da alama a kai, ƙaramar taswirar da ke kusurwar allo kuma tana da kibiyar da ke nuna maka alƙibla. Abin da za ka auna shi ne nisa da kuma tudu da kwari, domin kibiya ba ta san dutse ba. Za ta nuna maka gabas kai tsaye alhali akwai tsauni a tsakani wanda sai ka zaga ta kudu. Idan a cikin kogo ka mutu, alamar na iya nuna kana tsaye a kan gawar alhali tana hawa biyu a ƙarƙashinka. Nemi bakin kogon, ka bi hanyar da ka bi da rai.

Fatalwa ta fi mai rai sauri, tana tafiya a kan ruwa kamar a kan ƙasa, faɗowa daga sama ba ta yi mata komai, dodanni kuma ba sa ganinta. Don haka yanke ta tsakiyar tafki, ka diro daga kan dutse, ka ratsa sansanin maƙiya ba fargaba. 'Yan ƙabilar Night Elf sun fi kowa morewa, don su ɗan dunƙulen haske suke zama, mai gudun da ya fi na sauran fatalwowi. Abin da ba za ka iya ba: hawa doki, amfani da dutsen komawa gida, cin abinci, ko magana da masu rai a fili. Saƙon sirri da hirar rukuni dai suna aiki.

Na uku: zaɓen wurin tashi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Ba sai ka taka gawar ba. Da ka shigo cikin kimanin yadi 40 daga inda take, akwati zai fito yana tambayarka ko za ka tashi. Kuma a inda fatalwarka take tsaye za ka tashi, ba a inda gawar take kwance ba. Ma'ana kana da da'ira mai faɗin kusan yadi 80 da za ka zaɓi wuri a cikinta. Mai gaggawa yakan danna da zarar akwatin ya bayyana, ko kuma ya ruga har kan gawar don ya ga kamar haka ya kamata. Dukansu biyu ba su zaɓi komai ba.

Ga yadda ake yi. Idan ka iso kusa, masu ran da ke kewaye da gawar za su fara bayyana maka. Zaga da'irar gaba ɗaya tukuna. Matsa waje har akwatin ya ɓace, ka dawo taku ɗaya ya sake fitowa, ka san nan ne bakin iyaka. Yi haka ta kowane ɓangare har ka sami gefen da ya fi nisa da dodanni kuma ya fi kusa da hanyar tsira. Bayan bishiya, bayan katanga, kan wani ɗan tudu, duk sun fi fili. Ka tuna cewa da rabin jini da rabin mana za ka tashi, kuma duk ƙarin ƙarfin da aka yi maka kafin ka mutu ya tafi.

A ɗauki misalin Moonbrook a yankin Westfall, garin da 'yan fashin Defias suka mamaye, inda 'yan Alliance (ɗaya daga ɓangarori biyu masu gaba da juna a wasan, ɗayan shi ne Horde) masu lebul goma sha wani abu ke zubewa kullum. Masu jifa da wuta da ake kira Defias Pillager suna tsaye a tsakanin gidaje, suna harbi daga nesa, kuma ƙwallon wutarsu biyu ko uku sun isa su gama da mai rabin jini. Idan gawarka na bakin wani gida a tsakiyar garin, kada ka tashi a kan titi inda ido uku ke kallonka. Zaga bayan ginin ta ɓangaren gonaki, inda bango zai tare tsakaninka da su, domin mai sihiri ba ya jifan wanda ba ya gani. Jira mai sintiri ya wuce ya ba ka baya. Sannan ka danna, ka juya, ka yi gaba ba waiwaye har sai ka fita daga garin. A can ne za ka zauna ka ci abinci ka sha ruwa.

Abu biyu za su taimaka maka wajen lissafi. Na ɗaya, tazarar da dodo ke hango ka daga gare ta tana ƙaruwa ne gwargwadon yadda ya fi ka lebul, don haka wurin da ya ishi mai lebul 30 tsira ba zai ishi mai lebul 15 ba. Na biyu, dodannin da ka kashe a hanyarka ta shiga suna sake fitowa bayan 'yan mintoci. Kogon da ka share kafin ka mutu, ta yiwu ya cika kafin ka dawo, ka tashi a can ƙurya da dodanni gaba da baya. Wannan ne dalilin da ya sa mutuwar kogo ta fi kowace tsada.

Wasan kuma yana hukunta mai yawan mutuwa a jere. Akwai ɗan jira kafin a bar ka ka karɓi gawa, daƙiƙa 30 a karon farko, wanda yawanci yakan ƙare tun kana hanya. In ka sake mutuwa nan kusa ya zama minti 1, in ka ƙara ya zama minti 2. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Akwai wata dabara da ta fito daga wannan da'irar, ta jan gawa. Idan kana son ratsa yankin da ya fi ƙarfinka, sai ka tashi a bakin iyakar da'irar ta gaba, ka ruga iya ƙarfinka, a kashe ka, ka dawo ka sake tashi yadi 40 gaba da sabuwar gawar. Haka ƙananan Night Elf suka daɗe suna ratsa fadamar Wetlands daga tashar jirgin ruwa ta Menethil zuwa birnin Ironforge, kadoji na cinye su a hanya. In za ka yi wannan, tuɓe kayanka duka ka zuba a jaka, saboda mutuwa ta yau da kullum kayan da ke jikinka kawai take lalatawa.

Na huɗu: yaushe ake biyan Spirit Healer

Ita wannan halitta mai fukafukai za ta tashe ka nan take a maƙabarta, ba tafiya. Farashinta ne mai nauyi. Kowace mutuwa a hannun dodo tana cin kashi 10 cikin 100 na ƙarkon kayan da kake sanye da su. Ita kuma za ta ƙara cin kashi 25, kuma ba na jikinka kaɗai ba, har da waɗanda ke cikin jaka. Sannan ta bar ka da jinyar tashi, wadda ke rage ƙarfinka da dukan da kake yi da kashi 75. Daga lebul 20 zuwa sama jinyar minti 10 ce cur. Daga 11 zuwa 19 minti ɗaya ne a kan kowane lebul da ya haura 10, wato mai lebul 14 zai yi minti 4. Mai lebul 10 zuwa ƙasa ba ya jinya ko kaɗan.

Mutane da yawa sun ɗauki magana da ita abin kunya ne, ni kuwa ina ganin lissafi ne kawai. A ce takobinka na da ƙarko 100. Mutuwar farko ta mai da shi 90. In ka biya ta, ya koma 65, ka huta minti 10. In kuwa ka nace sai ka fito da gawa daga ƙuryar kogon da ya cika, ka sake mutuwa sau uku, takobin ya koma 60, ka yi tafiya sau huɗu, ga jiran minti biyu-biyu, ƙarshe ma wataƙila wurinta za ka dawo. Ƙa'idar da nake bi ita ce, idan na zaga da'irar ban ga wurin da nake da yaƙinin tsira ba, na koma na biya. Haka nan idan gawar ta faɗa inda ƙafa ba ta zuwa, kamar can cikin teku mai zurfi ko gindin wani rami.

Minti goman nan ma ba asara ba ne in ka tsara. Maƙabarta galibi kusa da gari take. Je ka sayar da tarkacen jakarka, ka gyara kaya, ka miƙa ayyukan da ka gama, ka hau tsuntsun haya zuwa wani yanki, jinyar na ƙarewa kana sama. Abin da ba a yi shi ne faɗa. Da jinya a jikinka, dodon da ka fi da lebul biyar ma zai iya kayar da kai.

Masu tseren kai wa lebul 60 sun mai da wannan hanyar sufuri. Tun da ƙasa da lebul 11 babu jinya, kayan farko kuma gyaransu 'yan tagulla ne, sai mutum ya gama aiki a nesa, ya bar dodo ya kashe shi da gangan, ya tashi a maƙabartar da ke bakin gari.

Wanda ya kamata ya yi hattara da ita shi ne mai yawo da kaya kala biyu, kamar jarumin da ke da sulken tare duka da na kai hari. Shi sau biyu zai biya.

Na biyar: mutuwa a cikin danjin

A wuraren da ake shiga mutum biyar-biyar, irin su Deadmines da Wailing Caverns, ko manyan da ake shiga mutum 40 kamar Molten Core, dokar ta ɗan bambanta. Fatalwarka za ta fito a maƙabartar da ke waje, kuma ba gawa za ka nema ba, ƙofar shiga za ka nema. Kana ratsa ƙofar ka tashi a bakinta ta ciki. Matsalar ita ce ƙofofin da yawa suna can cikin wani kogo mai rassa, kuma wanda aka jawo shi wurin da sihirin Warlock bai ma san hanya ba. Bi fatalwar wanda ya sani.

Ladabin rukuni a nan shi ne: in mai warkarwa na da rai, kowa ya kwanta ya jira. In kowa ya mutu, kowa ya taso a yi tafiyar tare. Wanda ya kwanta yana jira mai warkarwa ya yi tafiyar minti bakwai shi kaɗai sannan ya zo ya tashe shi, ba a cika sake gayyatarsa ba. Rukunin da ya san abin da yake yi yakan ɗora Soulstone a kan mai iya tayar da wasu tun kafin a fara. Idan faɗa ya ɓaci, shi wannan sai ya ruga gefe ya mutu a wurin da dodanni ba za su hango shi ba in ya tashi. Paladin ma na da Divine Intervention, inda yake ba da ransa ya killace mutum ɗaya daga faɗan, don a sami mai tayar da saura.

Na shida: idan ɗan wasa ne ya kashe ka

Mutuwa a hannun ɗan ɓangaren hamayya ba ta taɓa ƙarkon kaya. Sai dai mutum ba dodo ba ne, ba ya komawa inda ya fito. A sabobin (wato kwafe-kwafen duniyar wasan da 'yan wasa ke zaɓa su shiga) da aka halatta faɗa tsakanin Alliance da Horde, musamman a dajin Stranglethorn Vale da tsakanin Southshore da Tarren Mill, akwai masu zama a kan gawa suna jiran mai ita. In Rogue ne ko Druid, ba za ka gan shi ba ko ka zaga da'irar sau goma, don ɓoye yake. Ba kuma za ka iya roƙonsa ba, wasan ya hana ɓangarorin biyu fahimtar harshen juna.

Abin da yake nema shi ne ya ga ka fusata kana ta tashi yana ta kashewa. Hana shi. Bar fatalwar a tsaye ka je ka sha shayi, ko ka shiga da wani jarumin naka na rabin awa, ko ka sanar a hirar yankin da ta ƙungiyarku, sau da yawa akwai mai lebul 60 da ke neman dalilin faɗa. In za ka tashi, zaɓi gefen da ke kusa da masu gadin gari ko bakin ruwa. A filayen yaƙi irin Alterac Valley kuwa galibi ba a tafiya wurin gawa, ana jira ne a maƙabarta a tashi kowa tare duk daƙiƙa 30, kuma abokin gaba na iya cire lambar da ke jikin gawarka, wanda ke hana mai warkarwa tashe ka a wurin.

Na bakwai: maƙeri

Bayan ka tsira, nemi mai sayar da makamai ko sulke, za ka ga alamar uwar maƙera idan ka ɗora maus a kansa. Wani ɗan hoton sulke na fitowa a gefen allo, rawaya in kaya sun kusa ƙarewa, ja in sun kai sifili. Kayan da ya kai sifili ba ya ɓacewa, amma ba ya aiki har sai an gyara. Tagulla 100 ce azurfa 1, azurfa 100 ce zinariya 1, kuma mai tara kuɗin dokin lebul 40 ya san zafin kowace azurfa da ta tafi wurin maƙeri.

Gawarwakin da ba naka ba

Gawar dodo taskar ɗan lokaci ce. In tana ƙyalƙyali, akwai abin ɗauka a ciki kuma naka ne, danna ta da maɓallin dama. Wanda ya fara dukan dodo shi ke da gawar, ko da wani ne ya ƙarasa shi. Ba ta daɗewa, bayan 'yan mintoci za ta ɓace da duk abin da ke cikinta. Saboda haka in ka kashe wanda aikinka ke nema kuma ka ga mutuwa tafe, kwashe shi tukuna kafin ka faɗi, don kafin ka dawo daga maƙabarta babu shi.

Kwashe komai, ko da tarkace ne. Mai sana'ar fiɗa ba ya iya feɗe dabba sai an kwashe abin da ke cikinta, don haka wanda ya bar ɗan haƙori ɗaya a gawar kura ya hana na bayansa fata. In kai ne mai fiɗar, riƙe wuƙar fiɗa a jaka, kuma ka san cewa dabbar da ta haura lebul 20 tana buƙatar ƙwarewar da ta kai lebul ɗinta sau 5, wato dabba mai lebul 40 sai mai 200. Ana gama fiɗa gawar ke ɓacewa. 'Yan ƙabilar Undead kuwa suna da Cannibalize, su durƙusa kan gawar mai siffar mutum su ci, su maido da kashi 35 cikin 100 na jininsu cikin daƙiƙa 10. Abin ƙyama ne a ido, amma ya fi burodi sauri.

Akwai gawarwakin da aka ajiye ba sa motsi don labari. Wadda ta fi suna ita ce ta matar Mankrik a yankin Barrens, da ake tura 'yan Horde nema ba tare da alama a taswira ba, har tambayar inda take ta zama abin barkwancin wasan na shekaru. Tana kudu da garin Crossroads, kusa da gadar da ke kan babbar hanya.

Gawarka fa? Da ka tashi, sai ta koma ƙwarangwal, ya ɗan jima a wurin kafin ya ɓace. Koyi karanta su. Tarin ƙasusuwa a bakin kogo ko a kan wata kwana na gaya maka akwai abin da ke kisa a nan, kamar ƙaton Stitches da ke bin hanyar Duskwood. Ba a taɓa ganin ƙasusuwa irin na watan Satumban 2005 ba, lokacin da cutar Corrupted Blood ta dodo Hakkar ta fita daga danjin Zul'Gurub a jikin dabbobin mafarauta, ta shiga biranen Ironforge da Orgrimmar, tituna suka yi fari fat. Har masana annoba, Eric Lofgren da Nina Fefferman, suka yi rubutu a kai a wata mujallar likitanci a 2007. Masu sayar da zinariyar wasa ta haramtacciyar hanya ma sun taɓa jera gawarwaki a tsakiyar birni su rubuta adireshin shafinsu da su.

Abin da sai matacce ke gani

Kafin ka karɓi gawa a tsaunin Blackrock, ka san akwai aikin da ba a samunsa da rai. A kabarin da ke rataye da sarƙoƙi a tsakiyar tsaunin akwai fatalwar wani magini, Franclorn Forgewright, wanda fatalwa kaɗai ke ganinsa. Shi ke ba da aikin da ke kai ga mabuɗin Shadowforge na cikin danjin Blackrock Depths. In rukuninku ya mutu a can, biya ta wurinsa a hanyar komawa. In ba haka ba, sai ka tuɓe kaya ka faɗa cikin narkakken dutsen da gangan.

Inda duk wannan ba ya aiki

A watan Agustan 2023 aka buɗe sabobin Hardcore, inda rai ɗaya ne tak. Babu komawa ga gawa, babu Spirit Healer, Soulstone da Ankh ba sa tayar da kowa. Fatalwarka na iya shiga ta yi sallama da abokai ko ta miƙa shugabancin ƙungiya, kana kuma iya mayar da jarumin wata saba ta yau da kullum ya ci gaba a can, amma a Hardcore ya gama. Har faɗan mutum biyu na mutuwa akwai, Mak'gora, wanda ya yi nasara ya karɓi kunnen wanda ya faɗi.

Ga mai wasa daga Kano ko Yamai ko Kumasi a sabobin Turai, babban makashi a nan ba dodo ba ne. Idan intanet ta yanke ko wuta ta ɗauke, jaruminka ba ya ɓacewa nan take, yana tsaye a wurin na ɗan lokaci ana dukansa, kuma ƙa'idar da aka kafa Hardcore a kai ita ce ba a maido da wanda ya mutu ta haka. Yi wasa da kwamfutar da ke da batir, haɗa na'urar intanet ɗinka da abin da ba ya mutuwa tare da wutar gida, ka riƙa duban ɗan sandar da ke nuna saurin haɗi a ƙasan allo. In ta koma rawaya ko ja, ba lokacin shiga kogo ba ne, koma kan hanya ko masauki. Fita daga wasan a daji na ɗaukar daƙiƙa 20, a masauki ko cikin babban birni kuwa nan take ne.